Tsawon Sanda

Asabar, kafin danfo ya fara ihu a Agege,
kafin mai ƙosai ta hura wuta,
mu goma sha ɗaya ne a filin makaranta bayan Oko-Oba,
kowa da sandarsa, kowa da dalilinsa.
Ni dai likita ne ya ce jinina ya hau,
in yi tafiya, ko in yi wasiyya.

Mun taka Badagiri har yashi ya cinye mana takalma.
Mun taka dajin Epe, inda hanya kan ƙare ba sallama.
A can ne samari biyu suka ɓullo daga cikin kwakwa,
suka karɓe wayar Morenike da kuɗin motarmu,
muna tsaye riƙe da sanduna
kamar masu jiran a ɗauke su hoto.

Shi ya sa muka nemo Baffa Bawuro.
Da ƙafa ya fara zuwa Ikko,
bayan shanu, tun daga Gummi, wata biyu da kwana tara.
Yanzu gadi yake a mayanka.
Haƙoransa huɗu, idonsa na shaho.

Ya dubi sandata ta kanti mai roba a gindi,
ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Wannan ta shanya zani ce, Ladidi.
Nemo ta gora, wadda ta kai miki kafaɗa.

Ba taɓarya ba ce, sassauta riƙo.
Hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya gaban cibiya.
Kada ki kalli idonsa, ido ɗan kasuwa ne,
kalli kafaɗa, ita ba ta iya ƙarya.
Kada ki ɗaga sama,
wanda ya ɗaga sanda ya buɗe ciki.
Zungura, ki janye.
Gwiwa, ba kai ba.
Kai na uwarsa ne, ita ta sha naƙuda."

Mako bakwai muna zungurar iska.
Tafin hannuna ya yi kanta,
allura ta fara ƙin bin yatsana a shago.
Ebuka ya ce, "Baba, mutum nawa ka kayar?"
Ya ɗan yi shiru yana ƙirga a zuci.
"Kura ɗaya, a bakin Kwara.
Ita ma tafiyarta ta yi.
Sanda ma'auni ce, yaro.
Cewa take ga mai zuwa: nan gonarka ta ƙare."

Sai ga damina, sai ga mu a Ijede,
lagun a dama, fadama a hagu.
Na tsaya ɗaure igiyar takalmi, ayari ya yi gaba.
Ina ɗagowa, ga shi,
da fasasshiyar kwalba da rigar ƙwallo,
bai fi Habibuna da shekara ba.

Gwiwoyina suka fara karatun da ban koya musu ba.
Amma hannu ya tuna.
Ɗaya a ƙugu, ɗaya gaban cibiya.
Ban ce uffan ba, shi ma haka.
Ya dubi bakin gora, ya dubi ƙafata,
na ga yana lissafi kamar mai sayen yadi,
na ga kafaɗarsa ta sauka.
Ya tofar da yawu, ciyawa ta rufe bayansa.

Ban buga kowa ba.
Can gaba ma, da ita muka jawo Tanimu
da ya nutse a taɓo har cinya yana salati.

Da yamma a Oshodi na shiga mota,
na tsayar da ita tsakanin gwiwoyina, laka na ɗiga.
Kwandasta ya ce, "Hajiya, wannan ma fasinja ce,
sai ta biya."

Na buɗe jaka, ban yi ciniki ba.